Shin Kwamitin Kasuwa Zai Iya Hana Mata Shiga da Niƙabi Saboda Tsaro?

Wani dattijo ɗan kwamitin wata kasuwa a yankin Agege da ke Legas ya aiko da tambaya. Ya ce a watan jiya an kama wani ƙato sanye da baƙar abaya da niƙabi yana ƙoƙarin ɓalle ƙofar shago da asuba, kuma tun daga ranar wasu shugabannin kasuwar suka dage a kafa doka cewa kada a ƙara barin mace ta shigo da fuska a rufe, suna kafa hujja da cewa Faransa ta hana, Cadi ma da Musulmi suka fi yawa a cikinta ta hana. Shi kuwa 'yarsa da surukarsa duk suna sa niƙabi, don haka yana son ya san matsayin dokar Najeriya, da abin da zai faɗa a taron kwamiti mai zuwa.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya kuma saka maka da alheri da ka nemi sanin matsayin doka tun kafin a yanke shawara, domin mu lauyoyi galibi sai an tafka ɓarna ake tunawa da mu. Amsar a dunƙule ita ce kwamitinku yana da damar tsara yadda za a tantance duk mai shiga kasuwa, har da neman mai niƙabi ta nuna fuskarta idan akwai dalili, amma ba shi da ikon haramta niƙabin kansa, ko cin tarar wadda ta sa shi, ko korar ta daga wurin da yake a buɗe ga kowa.

Ya kamata a fara yi wa abokan aikinka adalci, saboda tsoron da suke ji yana da tushe. A watan Yunin 2014 wata mata ta tayar da bam a ƙofar barikin soja a Gombe, wanda shi ne karo na farko da aka san Boko Haram ta tura mace 'yar ƙunar baƙin wake, kuma kafin watan ya ƙare aka samu fashewa kusa da wani depo na mai a Apapa, a nan Legas, wadda shugaban ƙungiyar na lokacin, Abubakar Shekau, ya fito daga baya ya ce mutanensa ne suka kai ta. Kano ta sha irin waɗannan hare-hare a watan Yuli na shekarar, sannan a Kantin Kwari a watan Disamba. Wani bincike da cibiyar nazarin ta'addanci ta kwalejin soja ta West Point da ke Amurka ta fitar a 2017 ya ƙirga 'yan ƙunar baƙin wake 434 da ƙungiyar ta tura daga Afrilun 2011 zuwa Yunin 2017, kuma daga cikin 338 da aka iya gane jinsinsu, 244 mata ne. Ko a Yunin 2024, mata ne aka ɗaura wa bama-baman da suka tashi a Gwoza, ɗaya daga ciki a wurin biki. Wanda ya kwashe gawarwaki a kasuwar garinsa, ba za a zarge shi ba idan gabansa ya faɗi da ganin tufar da bai san abin da ke ƙarƙashinta ba.

A cikin wannan yanayi ne maƙwabtanmu suka ɗauki matakin da ake kafa muku hujja da shi. Ranar 15 ga Yunin 2015 aka kai hari hedikwatar 'yan sanda da makarantar horar da su a Njamena, babban birnin Cadi, mutane fiye da 30 suka mutu, bayan kwana biyu Firaminista Kalzeube Pahimi Deubet ya sanar da haramta burƙa, wato tufar da take rufe mace har da fuska, a duk faɗin Cadi, har ya umarci jami'an tsaro su shiga kasuwanni su kwashe ta su ƙone. A watan Yuli jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ta bi sahu bayan harin da aka kai garin Fotokol, haka ma jihar Difa a Nijar. A watan Disamba shugabannin ƙungiyar ECOWAS da suka taru a Abuja sun goyi bayan hana duk tufar da take hana a gane mutum, kuma a ƙarshen watan, a hirarsa da 'yan jarida, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce idan hare-haren suka ci gaba za a iya kaiwa ga hana hijabi, maganar da ta tayar da ƙura har fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce babu shirin yin hakan. Najeriya, wadda ta fi kowa shan wuyar waɗannan hare-hare, ba ta kafa dokar ba har yau.

Abin da masu kafa hujja da Cadi ba su cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. Ranar 11 ga Yulin 2015, ƙasa da wata ɗaya da haramcin, wani namiji sanye da burƙa ya tayar da bam a ƙofar babbar kasuwar Njamena lokacin da jami'an tsaro suka tsayar da shi, ya kashe mutane 15. Masu goyon bayan haramcin suna cewa tufar ce ta tona shi, ba don haka ba da ya kai tsakiyar kasuwa. Masu adawa suna cewa ga shi dokar ba ta hana komai ba. Ni abin da na ɗauka daga lamarin shi ne binciken da ake yi a ƙofa ne ya tare shi, kuma binciken ƙofa ba ya buƙatar a haramta wa matan ƙasa baki ɗaya tufarsu.

A nan ne nake ganin muhawarar take cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Rufe fuska yana hana a gane mutum. Bam kuwa a jiki ake ɗaura shi, a ƙirji ko a ƙugu, ko a zuba shi a jaka, kuma wanda ya fito da niyyar mutuwa bai damu a gane shi ba. 'Yan matan da aka riƙa turawa kasuwannin Maiduguri da tashoshin mota, da yawansu hijabi ne irin na kowa a jikinsu, fuskokinsu a waje. Shi ya sa maganar shugaban ƙasa a 2015 a kan hijabi ta faɗa, domin idan ɓoye bam ake gudu, yalwar tufa ce matsalar, kuma duk wanda ya bi wannan hanya zuwa ƙarshenta zai tarar da babbar rigarka da malum-malum ɗin sarakuna su ma sun shiga ciki. A Siri Lanka, bayan hare-haren ranar Ista ta 2019 da suka kashe mutane fiye da 250, gwamnati ta hana rufe fuska a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, alhali waɗanda suka shiga coci-coci da otal-otal ɗin maza ne, kyamarorin tsaro sun ɗauke su fuska a buɗe, goye da jakunkuna. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Batun Faransa ya fi ban mamaki, saboda ita ake fara ambata, alhali kotun da ta tabbatar da dokarta ba ta karɓi hujjar tsaro ba. An kafa dokar a Oktoban 2010, ta fara aiki ranar 11 ga Afrilun 2011, da tarar da ba ta wuce Yuro 150 ba ga wadda ta rufe fuska a bainar jama'a, da ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 30,000 ga wanda ya tilasta wa wata ta rufe. A lokacin, ƙiyasin gwamnatin Faransa da kanta ya nuna matan da suke sa niƙabi a ƙasar kimanin 1,900 ne. Da aka kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a hukuncinta na 1 ga Yulin 2014 ta ce haramci na bai-ɗaya ba zai dace da hujjar tsaro ba sai idan akwai barazanar da ta game jama'a, kuma ta nuna cewa ana iya cim ma manufar ta hanyar wajabta wa mutum ya buɗe fuskarsa a tantance shi a duk inda aka tabbatar akwai haɗari. Abin da ya ceci dokar wata hujja ce dabam, wato abin da Faransa ta kira sharaɗin zaman tare, cewa a al'adarsu ganin fuskar juna ginshiƙi ne na cuɗanya, kuma alƙalai 15 suka yarda a bar wa ƙasar wannan zaɓi, biyu suka ƙi. A Oktoban 2018 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba ƙarar wasu mata biyu da aka ci tara, ya ce Faransa ta tauye musu 'yancin addini. Beljiyam da Ostiriya da Denmak sun kafa irin dokar, Suwizalan ta amince da ita a ƙuri'ar raba gardama ta 2021 da kashi 51.2 cikin ɗari. Daga ƙasashen Musulmi, Maroko ta hana ɗinka burƙa da sayar da ita a 2017, Tunisiya kuma a 2019 ta taƙaita haramcin niƙabi ga gine-ginen gwamnati. Kowace ƙasa da tarihinta da tsarin mulkinta, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da take aiki a Agege.

Wanda yake aiki a Agege shi ne kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 38 ya ba kowane mutum 'yancin addini, har da bayyana shi a ibada da koyarwa da aiki da shi, shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a sarari. Wannan 'yanci yana da iyaka, kuma gaskiya ce da ya kamata masu kare niƙabi su sani: sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi domin tsaron ƙasa, ko lafiyar jama'a, ko zaman doka da oda, ko kare haƙƙin wasu. Sai dai sashen ya gindaya sharuɗɗa biyu. Dole taƙaitawar ta zo ta hanyar doka, kuma dole dokar ta zama wadda hankali zai yarda ta dace a ƙasar da ke bin tafarkin dimokuraɗiyya. Shawarar kwamitin kasuwa ba doka ba ce a wannan ma'ana, haka ma umarnin shugaban unguwa ko maganar baki ta babban jami'in 'yan sanda. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 12, ya ƙara da cewa ba a hukunta kowa a kan laifin da ba a bayyana shi da hukuncinsa a rubutacciyar doka ba, kuma Majalisar Tarayya ko Majalisar Dokokin Jihar Legas babu wadda ta mai da sa niƙabi laifi. Duk wanda ya karɓi kuɗin tara daga hannun mace saboda niƙabinta, ko ya tsare ta, ko ya fizge shi daga fuskarta, shi ne ya taka doka, kuma matar tana iya zuwa Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46 ta nemi haƙƙinta da diyya.

Legas ce ma ta samar da hukuncin da ya fi kowane nauyi a wannan fage. Lokacin da gwamnatin jihar ta hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantunta, wasu ɗalibai biyu tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN suka kai ƙara. Babbar Kotu a Ikeja ta ba gwamnati gaskiya a Oktoban 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin a Yulin 2016, sannan ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, ta tabbatar da cewa hanin ya saɓa wa tsarin mulki. Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, wadda ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2024, ita ta rubuta babban hukuncin. Tun kafin nan, a 2009, Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Ilorin ta ba wasu ɗalibai mata gaskiya a kan Kwalejin Ilimi ta Jihar Kwara, wadda ƙa'idar suturarta ta hana rufe fuska. Amma kada ka je taro ka ce Kotun Ƙoli ta halatta niƙabi a ko'ina, domin shari'ar Legas a kan hijabin 'yan makaranta aka yi ta, wanda ba ya rufe fuska. A ganina, da majalisa za ta kafa doka mai iyaka, a yankin da ake fama da hare-hare, na wani ƙayyadadden lokaci, ko a wurare irin filin jirgin sama da barikin soja, akwai yiwuwar kotu ta amince da ita ƙarƙashin sashe na 45. Haramci na dindindin saboda ɓarawo ɗaya da aka kama da asuba, wannan da wuya ya tsallake.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake roƙon ka gabatar wa kwamiti, domin shi zai nuna ko tsaro ake nufi ko wani abu dabam. Idan ƙa'idar ita ce kada kowa ya shigo da fuska a rufe, to ta hau kan ɗan acaɓa mai hular kwano, da mai tura baro da ya ɗaure hanci saboda ƙurar hunturu, da mai takunkumin asibiti, da Buzun da yake gadin ƙofar da rawaninsa wanda idanu kawai ya bari a waje, da basaraken da ya ja amawali ya rufe baki. A 2020, lokacin korona, gwamnatin Legas da kanta ta wajabta wa kowa rufe hanci da baki, aka yi watanni ana ciniki a Mile 12 da Idi-Araba da Obalende ba a ganin rabin fuskar kowa, kasuwa ba ta tashi ba. A wannan gari ne kuma dodannin Eyo suke cika titunan Isale Eko cikin fararen kaya, fuska a lulluɓe, ana alfahari da su a matsayin al'adar Legas. Idan kwamiti ya ware duk waɗannan ya ce mace Musulma kaɗai dokar ta shafa, ya faɗa cikin wariya saboda addini, wadda sashe na 42 ya yi hani da ita. Ka kuma tuna wa abokan aikinka cewa lamarin bai tsaya kan Hausawa ba, domin Yarbawa Musulmi sun daɗe da matan da suke rufe fuska, har suna da sunan da suke kiransu da shi, wato eleha, kuma ranar da aka kori ɗaya daga cikinsu a ƙofar kasuwarku, rigimar za ta wuce ƙarfin kwamiti.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin akwai nauyin da ya hau kan masu niƙabi da mazajensu. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa: mashhurin zance a mazhabar Malikiyya da muke bi shi ne fuska da tafukan hannu ba al'aura ba ne, ko da yake wasu malaman mazhabar sun ce a rufe idan ana tsoron fitina; Shaihu Ibn Baz da Ibn Usaimin suna ganin wajibi ne, Shaihu Albani yana ganin abin so ne da bai kai wajibi ba. Kotu ba ta buƙatar raba wannan gardama kafin ta kare mace, ya isa a ce tana yin sa ne da imani. Abin da ya shafe mu shi ne hatta waɗanda suka wajabta shi sun yarda a buɗe fuska domin ba da shaida, da neman magani, da mu'amalar da take buƙatar a san da wa ake yi. Matan nan sun riga sun buɗe fuska an ɗauki hotonsu domin lambar NIN da BVN da fasfon aikin hajji, kuma a zaɓen 2023 na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe da yatsa ko da fuska. Saboda haka macen da aka roƙe ta cikin mutunci ta nuna fuskarta ga 'yar'uwarta mace, ta ƙi, ko mijin da ya tsaya yana ɗaga murya yana cewa ba mai ganin matarsa ko da mace ce, su suke ba masu neman haramci makami.

Na ga yadda abin yake tafiya ta fuskoki biyu. Na taɓa raka wata mai ƙara zuwa wani banki domin gyaran asusun marigayi mijinta. Mai gadin ya tsayar da mu, ya ce mu ɗan dakata, ya kira wata ma'aikaciya, ta ja matar bayan wani allo kusa da ƙofa, ta ɗaga niƙabin, ta dubi katin shaidarta, suka fito suna gaisawa. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. A wani asibiti kuma, wata da ta kawo ɗanta yana fama da zazzaɓi, mai gadi ya sa hannu ya ja niƙabinta a gaban layin mutane, yana cewa umarni ne daga sama. Da muka rubuta wa hukumar asibitin takarda, sai ya bayyana babu wani umarni a rubuce, suka ba da haƙuri, amma matar ba ta sake taka wurin ba, ta koma sayen magani a kemis. Buƙatar tsaron iri ɗaya ce a wuraren biyu, abin da ya bambanta shi ne ɗaya ya tanadi mace da labule.

Dokokin 'yan sanda ma a kan wannan turba suke. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 54, ta ce launin mutum ko shekarunsa ko askinsa ko irin shigarsa ba su isa dalilin zargi ba, haka ma ɗaukar wani rukunin jama'a a matsayin waɗanda suka fi aikata laifi. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta ce idan za a caje mutum a yi shi cikin mutunci, kuma jinsinsa ne zai caje shi sai idan gaggawa ta hana, dokar Jihar Legas ma tana da makamancin wannan tanadi. Idan ɗan sanda mai kaki da iko an ɗaure shi da waɗannan ƙa'idoji, ɗan banga ko mai gadin kasuwa ba zai fi shi iko ba.

Abin da nake ba ka shawarar ka kai taron shi ne a rubuta ƙa'ida ɗaya da ta shafi kowa, namiji da mace, cewa duk wanda ya rufe fuskarsa da kowane irin abu, masu gadi suna iya neman ya buɗe a tantance shi a ƙofa, sannan ya mayar. A ɗauki mace ɗaya ko biyu cikin masu gadin, a yi musu ɗan ɗaki ko a rataya labule a gefen ƙofa, a sayi na'urar caje ta hannu wadda ake shafawa a jikin kowa ba tare da zaɓe ba, a hana kowane namiji taɓa tufar mace. A kai takardar ga limamai da Sarkin Hausawa da shugabar matan kasuwa su sa hannu, a kuma ba ofishin 'yan sanda na yankin kwafi, domin ranar da aka samu saɓani a san abin da aka yi yarjejeniya a kai. Da dare, bayan an tashi kasuwa, a tsayar da duk wanda aka gani a ciki ko mene ne a jikinsa. Ɓarawon da kuka kama da asuba ya zo, lokacin da babu macen da take ciniki, kuma da a ce akwai fitila a layin da mai gadi a farke, da abayar ba ta kai shi bakin shagon ba. Shi ɓarawon a miƙa shi kotu a tuhume shi da yunƙurin fasa shago, wanda laifi ne da yake rubuce a dokar Legas tun kafin a fara wannan muhawara.